Tsutsar Dankali Mai Ƙaho: Kamanninta, Rayuwarta da Maganinta

Jawabi ga manoman dankali

 

Maganarmu ta yau a kan wata tsutsa ce mai cin ganyen dankali. Dankalin da nake nufi shi ne namu na Hausa, wanda a wasu wurare ake kira lawur, a wasu kuma kudaku. Duk wanda ya daɗe yana noman dankali, ko a tudu da damina ko a fadama da rani, da wuya a ce bai taɓa cin karo da ita ba. Ƙatuwa ce, kaurinta ya kai na babban yatsa, tana kuma da wani ɗan tsinke a ƙarshen bayanta kamar ƙaho. Shi ya sa za mu kira ta tsutsa mai ƙaho.

Galibi manomi ba ya ganinta sai ta riga ta ƙoshi. Ya zo gona da safe ya tarar kunya biyu ko uku sun zama tsirara, sai tsinkayen ganye a tsaye. Daga nan hankali ya tashi, a sayar da kaji ko a ci bashi, a sayo magani a fesa. Sau da yawa kuwa kuɗin nan asara ne, domin lokacin da aka yi feshin, tsutsar ta gama cinta ta shige ƙasa, inda magani ba ya kai mata. Abin da nake so ku tafi gida da shi yau shi ne wannan: wanda ya san yadda ƙwaron nan yake rayuwa, ya kuma san lissafin kwanakinsa, da hannunsa da fartanyarsa zai gama da shi a yawancin shekaru, bai kashe ko kwabo ba.

ƘWARO ƊAYA, KAMA HUƊU

Ƙwaron nan yana sake kama sau huɗu a rayuwarsa. Da fari ƙwai ne a jikin ganye. Sa'an nan ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Tsutsar in ta girma sai ta shiga ƙasa ta zama wani abu mai ƙwanso, ba ci ba sha. Daga cikin ƙwanson nan ne uwa mai fukafukai ke fitowa, ta tashi ta je ta zuba wani ƙwan. Haka abin yake ta zagayawa.

A cikin kama huɗun nan, guda ɗaya tak ke cin ganye, watau tsutsa. Amma sauran ukun ma wajibi ne manomi ya san su, don kowannensu yana gaya masa wani abu. Ganin uwa yana nufin ƙwai na tafe. Ganin ƙwai yana nufin saura 'yan kwanaki a fara ɓarna. Ganin ƙwanso a ƙasa kuwa yana nufin akwai wata zuriyar da ke kwance tana jiran sabon dashe. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

UWAR TSUTSA

Uwar 'yar'uwar malam-buɗe-littafi ce, amma ita da dare take yawo. Tana cikin irin ƙwarin nan da muke kira faɗa-wuta, masu zuwa wajen fitila, sai dai ta fi yawancinsu girma nesa ba kusa ba. In ta buɗe fukafukanta, daga wannan baki zuwa wancan yakan kai santimita 8 zuwa 12, watau kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Jikinta kakkaura ne, gaba da faɗi baya da tsini. Fukafukan gaba dogaye ne sirara, launin toka-toka da zane-zanen baƙi, kamar ɓawon itace. In ta sauka da rana a gindin itace, ko a jikin zana, ko a katangar rumbu, takan kwantar da fukafukan a bayanta ta yi lamo, har mutum ya dafa wurin bai gan ta ba.

Babbar shaidarta tana cikinta. In ka ɗaga fiffiken, za ka ga ratsi-ratsi a gefe biyu na cikin, ja-ja mai haske da baƙi da ɗan fari, a jere har zuwa ƙarshe. Idanunta manya ne, in ka haska mata tocila da dare sai su yi ƙyalli.

Ba ta da haƙori, ba ta da baki irin na fara, saboda haka ba ta iya taɓa ganye. Abin da take da shi wani dogon harshe ne siriri kamar zare, wanda take naɗewa a ƙarƙashin kanta. In ta warware shi ya fi jikinta tsawo, yakan kai santimita 10 ko fiye. Da shi take tsotsar ruwan zaƙin fure. Da almuru take fitowa. Za ka ji ƙarar fukafukanta, fir, ta zo ta tsaya cak a iska gaban fure ba ta sauka ba, ta zura harshe ta sha, ta wuce na gaba. Ta fi son furanni masu dogon wuya da ke buɗewa ko ke ƙamshi da yamma, irin furen taba da na zaƙami. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani ɗan tsuntsu ne.

Gwanar tashi ce ƙwarai. Ana samun irinta a Afirka da Asiya da Ostareliya da kudancin Turai. Kowace shekara wasu sukan tashi daga Afirka su ƙetare Bahar Rum, har a gan su a Ingila tsakanin watan Agusta da Oktoba, ko da yake sanyin can ba ya barin zuriyarsu ta kai baɗi. Tun a shekarar 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya rubuta kamanninta, yau kuma masana suna kiranta Agrius convolvuli. Na kawo muku wannan ne don ku gane cewa abin da ke ƙetare teku, shinge ba zai tsare shi ba. Ba wanda ya isa ya hana uwar shiga gonarsa. Abin da za a iya shi ne a tarbi 'ya'yanta tun suna ƙanana.

ƘWAI

Bayan ta yi barbara, macen takan bi gona da dare tana ajiye ƙwai. Ba ta tara shi wuri guda kamar yadda tsutsar masara ke yi. Ɗai-ɗai take liƙa shi, nan guda can guda, a saman ganye ko a ƙarƙashinsa, wani lokaci a jikin yaɗon. Uwa ɗaya tana iya zuba ƙwai fiye da ɗari, a warwatse cikin gona.

Ƙwan ƙarami ne, bai kai ƙwayar gero ba, faɗinsa kamar milimita ɗaya. Kewayayye ne, mai santsi da sheƙi, launinsa kore-kore. Ganinsa sai an duƙa an juya ganye. Da zafi yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa mako guda. In ana sanyi yakan kai kwana 10.

TSUTSA

Ranar da ta fito, tsutsar ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Launinta fari-fari ne mai ɗan kore, ƙahonta baƙi a miƙe. A ƙarƙashin ganye take zama, tana ɗan huda shi ƙananan ramuka. A wannan lokaci ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba, kuma a wannan lokaci ne ta fi sauƙin kisa.

Fatar tsutsa ba ta girma tare da ita. In jikin ya cika fatar, sai ta daina ci na ɗan lokaci, ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da sabuwar fata mai yalwa. Sau huɗu take saɓa tana tsutsa, watau girmanta hawa biyar ne. Kowane hawa cinta yana ninka na baya. Daga ƙyanƙyasa zuwa cikar girma mako 3 ne zuwa 4. In ta cika, tsawonta yakan kai santimita 9 zuwa 11, ya fi ɗan yatsan tsakiya.

Kada launi ya ruɗe ku. Wata koriya ce shar kamar ganyen da take ci, wata ruwan ƙasa, wata kuma ta yi duhu har ta kusa baƙi. Duk iri ɗaya ne, uwa ɗaya tana iya haifar su duka. Shaidar da ba ta sakewa guda uku ce. Ta farko, ƙaho guda ɗaya a ƙarshen baya, wanda yake ɗan lanƙwashewa in ta girma. Ta biyu, ratsi bakwai a karkace a kowane gefe. Ta uku, jerin ɗigo-ɗigo a gefen jiki, waɗanda su ne ƙofofin da take numfashi da su. Jikinta sumul yake, ba gashi irin na gizaka.

Mutane da yawa, musamman mata da yara masu taya mu aiki, suna tsoron ƙahon nan, suna cewa da shi take harbi. Ku gaya musu ba haka ba ne. Ƙahon nama ne kawai, ba dafi a cikinsa, ba ya huda fata. Tsutsar ba ta cizo, ba ta sa ƙaiƙayi. In ka taɓa ta takan yi fizge-fizge, ko ta naɗe, ko ta amayo wani koren ruwa, duk barazana ce. Abin da za ka ji kawai shi ne ta riƙe yaɗo gam da ƙafafunta, sai ka ɗan ja.

Babbar tsutsa ta fi ci da dare. Da rana ta yi zafi sai ta sauka ƙarƙashin yaɗo ta ɓuya a inuwa. Don haka wanda ya je duba gona da azahar zai ga ɓarna amma ba zai ga mai ɓarnar ba. Sai dai tana barin sawu, watau kashinta. Baƙi ne ko kore mai duhu, dunƙule-dunƙule, girman ƙwayar dawa ko fiye, da ɗan tsaga-tsaga a jikinsa. In ka ga sabon kashin nan a kan ganye ko a kwarin kunya, ɗaga yaɗon da ke wurin, tana nan kusa.

Ku riƙe wannan da kyau: mafi yawan ganyen da tsutsar nan za ta ci a rayuwarta, a hawan ƙarshe take cinye shi, watau cikin mako guda ko kwana goma na ƙarshe. Shi ya sa manomi yake cewa dare ɗaya aka cinye masa gona. Alhali kuwa ta yi mako biyu tana nan ƙarƙashin ganye, ba a duba ba ne.

ƘWANSO

In tsutsa ta cika girma sai ta daina ci. Ta sauko ƙasa ta yi ta yawo tana neman wuri mai taushi. Wani lokaci za ka gan ta tana ƙetare hanya. In ta sami wurin, sai ta haƙa ta shiga, zurfin yatsa ɗaya zuwa taƙi ɗaya, ta yi wa kanta ɗan ɗaki mai santsi. A ciki take saɓar ƙarshe ta zama ƙwanso.

Da yawanku kun sha tono shi lokacin huɗa ko lokacin haƙar dankali, ba ku san ko mene ne ba. Launinsa ja ne mai duhu kamar busasshen dabino, yana sheƙi, tsawonsa santimita 5 zuwa 6. A wajen kansa akwai wani abu a lanƙwashe kamar mariƙin buta. Wannan mariƙi kuben harshen uwar ne da ke ginuwa a ciki. In ka taɓa ƙwanson, ƙarshensa yakan motsa, alamar yana da rai.

A wannan hali ba ya ci, ba ya tafiya, ba ya iya kare kansa. Ƙasar da ta rufe shi ita ce kaɗai garkuwarsa. In ka tono shi ka bar shi a fili, rana ko tururuwa ko tsuntsu za su gama da shi. In kuwa aka bar shi a kwance, bayan mako 2 zuwa 3 uwa za ta fasa ƙwanson ta fito, ta hau wani abu ta shanya fukafukanta, da almuru ta tashi. Lokacin sanyi yakan daɗe fiye da haka a ƙasa.

LISSAFIN KWANAKI

To, mu haɗa lissafi. Ƙwai kamar mako 1. Tsutsa mako 3 zuwa 4. Ƙwanso mako 2 zuwa 3. Jimla daga ƙwai zuwa sabuwar uwa mako 6 ne zuwa 8, watau wata ɗaya da rabi zuwa wata biyu. Dankali kuwa yakan yi wata 3 zuwa 5 a gona, gwargwadon irinsa. Ke nan zuriya biyu, wani lokaci har uku, suna iya tashi a kan shuka guda.

Zuriyar farko galibi kaɗan ce, ɗaya nan ɗaya can, manomi ya gani ya ce ba komai. Amma kowace tsutsa da aka bari ta shiga ƙasa, in ta fito mace, ƙwai ɗari ko fiye za ta dawo da shi. Zuriya ta biyu ita ke kwashe gona. Saboda haka tsutsa goma da ka tsince a watan farko sun fi ɗari da za ka kashe a wata na uku.

Lissafin yana da wani amfani kuma. In ka ga manyan tsutsotsi sun ɓace da kansu, kada ka ce an rabu. Ƙasa suka shiga. Ƙirga mako 3 zuwa 4 daga ranar, ka koma ka duba ƙarƙashin ganye, za ka tarar da ƙwai da ƙananan 'ya'ya.

INDA TAKE ZAMA

Abincin tsutsar nan ganyen dankali ne da na danginsa na daji. Dankali yana da 'yan'uwa da yawa a cikin ciyayi masu yaɗo, waɗanda furensu yake kama da bakin kakaki, irin su yaryaɗi da ke hawa shinge da duman kada da ke malala a bakin rafi da kududdufi. Dubi furensu ka dubi na dankali, za ka ga gida ɗaya suka fito. Lokacin da babu dankali a gona, a wajen irin waɗannan ciyayi ne ƙwaron yake samun mafaka.

Wurare uku ne ya kamata ku sa wa ido. Na farko, gefen gona da jikin shinge, inda ciyayin nan suke. Na biyu, tsohuwar gonar dankali da aka haƙe aka bar yaɗo da gyauro suna tohowa. Na uku, wurin da kuke ajiye iri a fadama ko a lambu da rani. Wannan na uku ya fi muhimmanci, domin lokacin da ko'ina ya bushe, ɗan fegin irin nan ne kaɗai kore, kuma daga nan ne za a yanko yaɗon da za a dasa da damina. In akwai ƙwai a jikinsa, kai da kanka ka kai wa sabuwar gonarka baƙuwar.

Ba kowace shekara take yawa ba. Wata shekara da ƙyar za ka ga biyu ko uku. Wata shekarar kuma sai ta ɓarke, ta cinye gona ta gangara ta maƙwabci. Tun da ba wanda ya san wace shekara ce tata, dubawa ta zama ta kowace shekara.

ƁARNARTA, DA YADDA ZA A BAMBANTA TA DA WASU

Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa ne ake haɗa abincin da ke sauka ƙasa ya zama dankali. In ganye ya tafi, shukar takan bar zuba ta koma neman sabon toho. Dankali dai shuka ce mai haƙuri. In yaɗo ya riga ya rufe kunya, ko an ci wani sashe na ganyen yakan maye gurbinsa, asarar ba ta da yawa. Haɗarin yana cikin wata biyun farko bayan dashe, lokacin da ganyen kaɗan ne, saiwa kuma tana shirin fara zuba. In aka tsiraita shi a lokacin, 'ya'yan za su zo ƙanana, haƙa kuma ta yi jinkiri. Ga kuma asarar harawar da za a ba dabbobi.

Akwai wasu ƙwari da ake rikita su da wannan. In ka haƙa dankali ka ga ramuka a cikinsa, yana ɗaci yana wari, wannan aikin wani ƙaramin ƙwaro ne mai dogon baki, mai kama da tururuwa. Shi ta tsagar ƙasa yake shiga, maganinsa a riƙa tura ƙasa ana rufe tsagar kunya. Tsutsa mai ƙaho ba ta taɓa abin da ke cikin ƙasa. Haka kuma tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 daban take. Ita ƙarama ce, ba ta da ƙaho, a cikin kan masara take zama. In kuma ka ga wata mai ƙaho a kan gwaza, ko a kan gauta da yalo, 'yan'uwan tamu ne, uwayensu daban, amma rayuwarsu iri ɗaya ce, dabarun da zan faɗa yanzu suna yi musu.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku dasa iri mai tsabta. Kafin a yanko yaɗo, a duba fegin irin. Bayan an yanko, a juya ganyen a duba, a murtsuke ƙwai, a cire duk tsutsar da aka gani.

2. Ku yi huɗa da kyau. Garma ko fartanya tana juyo ƙwanso sama. Duk wanda kuka gani ku fasa shi, ko ku tara wa kaji. In hali ya yi, a bar ƙasar da aka juya ta sha rana kwana biyu ko uku kafin a dasa. Balbelar da ke bin bayan garma aiki take taya ku, kada yara su kore ta.

3. Kada ku maimaita dankali a wuri guda shekara bayan shekara. Ku bi shi da dawa ko gero ko masara ko gyaɗa. Uwar da ta fito daga ƙasa ba za ta tarar da abincin 'ya'yanta a bakin ƙofa ba. Wannan dabara tana rage ƙwaron nan mai huda dankali shi ma.

4. Ku nome yaryaɗi da sauran dangin dankali a cikin gona da gefenta, tun daga firi har maimai.

5. Ku duba gona sau ɗaya a mako, tun daga mako na biyu bayan dashe har yaɗo ya rufe kunya. Da sassafe ake dubawa ko da la'asar sakaliya. Kada ka tsaya a bakin gona ka leƙa. Ratsa ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya wuri goma, kowane wuri ka duƙa ka juya ganye. Abin da kake nema huɗu ne: ƙwai, ƙananan ramuka a ganye, kashi, da tsutsar kanta. In ka fara ganin uwar tana zuwa wajen fitila da dare, mayar da dubawar sau biyu a mako.

6. Ku tsince da hannu. Ga mai rabin eka ko eka ɗaya babu dabarar da ta fi wannan. A riƙe bokiti da ɗan ruwan sabulu, a bi kunya kunya ana jefa su ciki. In don kaji da zabi za a tsinta, a sa su a ƙwarya ba sabulu, muddin dai ba a yi feshi a gonar ba. Da dare da tocila an fi samun manyan, don lokacin suna saman ganye. Sai a sa takalmi a riƙe sanda saboda maciji. In abin ya yi yawa, a yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma tsutsar maƙwabcinka taka ce in ta yi fiffike.

7. Ku bar abokan aikinku su rayu. Rina da zanzaro suna farautar ƙananan tsutsotsi. Ƙoƙi-ƙoƙi da ƙadangare da tsuntsaye suna ci. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari, wasu ido da ƙyar yake ganinsu, masu zuba nasu ƙwan a cikin ƙwan tsutsar ko a jikinta, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. In ka ga ƙwai ya koma baƙi ƙirin, ko ka ga tsutsa ta yi laushi da wasu fararen abubuwa kamar shinkafa a jikinta ko kusa da ita, bar su a wurin. Mayaƙanka ne ke ƙyanƙyasa. Feshin guba barkatai su yake fara kashewa.

8. In ƙananan tsutsotsi sun fi ƙarfin hannu, ku fara da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. A samo busassun 'ya'yanta, a ɓare, a daka ƙwayar. A jiƙa rabin kilo na garin a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai kyau don kada ya toshe bakin famfo, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. A fesa da yamma, a tabbata ya jiƙa ƙarƙashin ganye, a sake bayan mako guda. Darbejiya ba ta kashewa nan take. Tana hana tsutsa ci, tana kuma ɓata mata saɓa, shi ya sa ta fi aiki a kan ƙanana waɗanda saɓa ke gabansu. Akwai kuma maganin da ake kira Bt, wanda aka yi da wata ƙwayar cuta mai kama tsutsa. In ta ci ganyen da aka fesa sai ta daina ci, ta mutu cikin kwana biyu ko uku. Ba ya cutar mutum ko dabba ko ƙudan zuma. Shi ma ƙanana ya fi kamawa.

9. Maganin guba shi ne na ƙarshe. Kafin ka saya, tambayi kanka abu biyu: dankalin ƙarami ne har yanzu? Tsutsotsin suna nan a kan ganye, ko sun shiga ƙasa? In yaɗo ya rufe, ko tsutsar ta riga ta sauka, riƙe kuɗinka. In kuwa feshin ya zama dole, nemi malamin gona ya nuna maka maganin da ya dace da ma'auninsa. Sayi mai lambar rajistar NAFDAC a cikin kwalbarsa ta asali, ban da na ɗure. Tsofaffin magunguna irin su DDT da Gammalin 20 an hana amfani da su a gona, ko an ba ka kyauta kada ka karɓa. Rufe jikinka da hancinka, ba iska baya, kada ka ci goro ko ka sha taba kana feshi, ka yi wanka da sabulu in ka gama. Dubi kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, kada a yanki harawa ko ganyen miya, kada kuma a saki dabbobi a wurin, sai kwanakin sun cika.

10. Bayan haƙa, a kwashe yaɗo duka a ba dabbobi ko a shanya, a tsince ragowar dankali don kada ya yi gyauro, a fasa duk ƙwanson da fartanya ta fito da shi.

KADA A BI UWAR DA KISA

Wani zai ce, to me zai hana a kunna fitila a kashe uwayen duka a huta? Na farko dai ba za su ƙare ba, wasu za su zo daga nesa. Na biyu, uwar tana da nata amfanin. Kun san gwanda akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta 'ya'ya sosai sai an kai mata garin furen namijin. Wani bincike da aka yi a gonakin ƙananan manoma a ƙasar Kenya, aka buga a 2009, ya nuna cewa faɗa-wuta masu dogon harshe, har da wannan tamu, su ne ke yin yawancin aikin nan da almuru. Saboda haka fitila ta zama ta gane zuwanta kawai. Yaƙin a kan ganyen dankali ake yinsa, da ƙwai da tsutsa, sai kuma ƙwanso a cikin kunya.

Kafin mu tashi, ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi rana guda, ko ranar da ba kasuwa, ya sa ta zama ranar duba dankali. Ku tafi da yaranku, idonsu ya fi namu kaifi, ku nuna musu ƙwan da kashin, ku kama tsutsar a gabansu su ga ƙahon ba ya harbi. Wanda ya ga wani abin da bai gane ba, ya sa shi a gwangwani da ɗan ganye ya kawo wa malamin gona na yankinsa a duba tare.

Allah ya ba mu amfani mai albarka.